Wakili Ya Zo Ƙirga Kwanoni

A can baya, zamanin da goro ke da daraja kuma fatake ke gangarowa Akra da shanu daga arewa, an yi wani maigida a Zongo mai ƙaton gida, irin wanda za ka shiga ta zaure ka ɓulla ta wani lungu daban ba ka ankara ba. A ciki akwai 'ya'yansa da jikoki, akwai 'yan haya, akwai baƙin da suka zo kwana uku suka share shekara goma. Sannan akwai yaran riƙo, na Bawku, na Yandi, na Salaga, har da waɗanda aka ɗauko daga ƙasar Zabarma. Ba a taɓa mayar da yaro daga ƙofar gidan nan ba, kuma da wannan aka san shi.

Wata Sallah, bayan an sauko daga idi, liman ya tara masu gidaje ya yi musu wa'azi a kan amanar yara. Ya ce yana neman wanda zai tashi a gaban jama'a ya ɗauki alkawarin cewa a gidansa ba yaron da zai kwana da yunwa, ba wanda za a ɗora wa kayan da ya fi ƙarfin wuyansa, ba wanda za a hana karatu, ɗan gida ne ko ɗan riƙo. Kowa ya sunkuyar da kai yana lissafin aljihunsa. Maigidan nan ne ya fara miƙewa. Aka yi kabbara, aka rubuta alkawarin da ajami, aka sa shi cikin gilashi aka rataye a zaure. Ba don a gani ya yi ba. A ranar, har cikin zuciyarsa yake nufi.

Shekaru suka ja, harka ta buɗe masa, ya gina bene a wata unguwa mai shiru. Kafin ya tare sai ya tara 'ya'yansa maza, ya raba musu gidan sashe-sashe, ya ce, "Ku ne kuke kwana kuna tashi da yaran nan. In yaro ya yi tari da tsakar dare ku za ku ji, ni daga inda zan koma ba zan ji ba. Kowa ya riƙe sashensa. Kuɗin cefane zan riƙa aikowa duk wata uku, duk shekara kuma wakilina zai zo ya duba muku." Suka ce, "Mun ji, Baba." Kuma magana ce ta hankali, don na kusa da yaro shi ya fi sanin ciwonsa.

Kuɗin farko ya zo a kan kari. Na biyu ya makara. Daga nan sai ya zama na watan azumi sai bayan Babbar Sallah ake ganinsa, wani lokacin ma ya zo a gutsure. In ya iso, kowane ɗa yana da abin da ke gabansa: a shafe bangon da ke kallon titi, a gyara ƙofa, a sayi kujerun baƙi, a biya mai shara. Abin da ya rage shi ake miƙa wa mai kula da yara. A sashen ɗan fari, wata bazawara ce mai haƙuri aka ɗora wa wannan nauyi, yara na ce mata Anti. Ita ce mai raka yaro asibiti, ita ce mai zuwa ba malami haƙuri, ita ce mai shiga tsakani in uba ya ƙi ba da kuɗin abinci, ita ce mai bin sawun wanda ya gudu. Sau da yawa kuɗin motar daga ƙullin zanenta yake fita.

Shi kuwa wakili mutumin kirki ne. Ba ya karɓar goro, ba ya rage alƙalami. Yakan zo da safe da littafinsa, wanda maigida da kansa ya tsara tambayoyin ciki. Kun yi taron gida sau huɗu a bana? Ina takardar da aka rubuta abin da aka tattauna? Akwai jerin sunayen yara? Tabarma nawa, kwano nawa, allo nawa? Kuɗin da aka aiko, ina rasit? Sashen da ya fi cika sharuɗɗa ana ƙara masa kuɗi a shekara mai zuwa. Kafin a shekara uku 'ya'yan maigida sun gane karatun. Ana gobe wakili zai zo, sai a aro kwanoni a maƙwabta, a shimfiɗa sababbin tabarmi, a zauna da fitila a cike takardun tarukan da aka yi a tsaitsaye. Wakili ya zo, ya ƙirga, ya ga lissafi ya yi daidai, ya sha ruwa, kafin azahar ya kama hanya. Yara a lokacin suna waje. Ba a taɓa ce masa ya jira su ba, shi ma bai taɓa tambaya ba, tunda babu layin wannan a littafi.

A cikin yaran sashen akwai wata yarinya da aka kawo daga arewa tana 'yar shekara takwas, da alkawarin za a sa ta makaranta. An sa ta kuwa, ta yi zango ɗaya. Da kuɗi ya makara sai matar gida ta ce ta ɗan taya ta talla kafin abubuwa su daidaita. Daga tallan lemo aka koma ɗaukar kayan mutane a kasuwa. Sunanta bai fita daga jerin 'yan makaranta ba, allonta ma yana rataye, ana ƙirga shi duk shekara.

Wata tsohuwa mai koko da ƙosai a unguwar Mamobi ta Akra ce ta ba da wannan labari, ranar wani suna, mata na zaune suna gyaran kayan miya. A gefe akwai ɗan ƙanwarta, ma'aikaci a wani ofishin gwamnati a tsakiyar birni, wanda ya gama ba mutane labarin irin makin da gundumomi suka ci a binciken shekara. Ba ta tanka masa ba. Ta juya ga matan ne ta fara, ba ta kama sunan kowa ba. Sai dai akwai abubuwan da ya kamata mai karatu ya riƙe kafin mu koma gidan maigida.

Abin da ɗan ƙanwar ya faɗa ba ƙarya ba ne, kuma abin alfahari ne. Haka ma dokokin ƙasar a kan yara. Gana ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara, a watan Fabrairun 1990. A 1998 aka yi Dokar Yara mai lamba 560, doka mai kyau wadda ta yi magana dalla-dalla. Ta ce ba a ɗaukar yaro aiki sai ya kai shekara 15, ƙaramin aiki marar wahala sai 13, aiki mai haɗari kuwa sai 18, kuma a cikin ayyukan da ta kira masu haɗari har da dakon kaya masu nauyi. Ta ce yaron da aka samu yana bara yaro ne mai bukatar kulawa da kariya. Ta ce duk wanda ya san ana cutar da yaro ya kai magana Sashen Jin Daɗin Jama'a, wato ofishin da mutanen unguwa ke ce wa Soshal. Sannan ta ɗora nauyin kare yara a wuyan majalisar gunduma, asambuli.

Gana ba tarayya ba ce irin Najeriya, inda dokar haƙƙin yara ta 2003 sai da ta jira kowace jiha ta amince da tata. Doka ɗaya ce daga Akra har Paga. Amma aikin an sauke shi ƙasa, ga majalisu 261. Wata ƙa'ida ta 2009 ta mayar da ma'aikatan Soshal na gundumomi ƙarƙashin asambuli, aka haɗa su da masu raya karkara. Ma'aikatar Jinsi, Yara da Kare Marasa Galihu, wadda aka kafa a 2013, ita ke riƙe da tsara manufa, kafa mizani da sa ido. A 2018 aka yanko unguwar Nima daga babbar majalisar Akra ta zama cikin Ayawaso ta Gabas, Mamobi kuma ta faɗa Ayawaso ta Arewa. Tsarin mulkin 1992 ya ce a ware wa gundumomi aƙalla kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa a asusun bai-ɗaya, ana biya wata uku-uku. Kukan makarar wannan kuɗi kuwa ba gwamnatin da ba a yi wa ba, a zauren majalisa da shafukan jaridu.

Duba ma ana yi. Tun 2008 ake auna majalisu da wani ma'auni da ake kira FOAT, daga baya aka maye shi da DPAT, kuma sakamakon yana shafar ƙarin kuɗin da gunduma za ta samu. Ana duba ko an yi zaman majalisa yadda doka ta ce, ko akwai tsarin aiki na shekara, ko an kai rahoton kuɗi a kan lokaci, ko an amsa tambayoyin masu binciken kuɗi. Tun 2014 kuma akwai jadawalin da ke jera gundumomi daga ta farko har ta ƙarshe, wanda UNICEF da cibiyar CDD suka faro. Ban raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Majalisar da ba ta iya ajiye takarda ba za ta iya riƙe yaro ba. Damuwata ita ce mafi yawan hujjar da ake karɓa takarda ce, takarda kuwa wanda ake dubawa shi ke rubuta ta. Kuma ba adalci ba ne mai riƙe da kuɗi ya jinkirta su, sannan ya dawo da alƙalami yana auna wanda ya hana wa kayan aiki.

An taɓa ganin inda wannan ke kaiwa. A ƙarshen shekarun 1990 gidajen marayu a Gana ba su wuce 10 ba. Kafin 2006 sun kai 148. Rahotannin 2009 suka ce guda 8 kacal ke da lasisi, yaran da ke ciki kusan 4,500 ne, kuma mafi yawansu suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su. Duk wannan ya faru ne alhali doka ta ce ba a buɗe irin wannan gida sai da izini, kuma a riƙa kai masa ziyarar dubawa. A 2010 ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya shiga Gidan Yara na Osu a ɓoye, gidan gwamnati ne, a tsakiyar Akra, ba nisa da ofisoshin masu sa ido, ya fito da hotunan da suka girgiza ƙasar. Aka kafa kwamiti. A 2013 Babban Mai Binciken Kuɗi na Ƙasa ya duba yadda Soshal ke kula da gidajen marayu, ya tarar galibin waɗanda ya bincika ba su da lasisi. A 2015 Anas ya sake fito da irin wannan bincike a wani gidan marayu a Bawjiase. Daga baya an yi gyare-gyare na gaske: an gyara Dokar Yara a 2016, an fito da ƙa'idojin riƙo da na ɗaukar ɗa a 2018, an sabunta mizanin gidajen marayu, an rufe wasu, an mayar da yara da dama ga danginsu. Wanda ya yi wannan aiki Allah ya saka masa. Tambayar da ta rage ita ce me ya sa sai da baƙo ya ɓad da kama kafin masu hakkin dubawa su gani.

Yaron Zongo ma ba kasafai yake zuwa gidan marayu ba. Mu ba mu saba kai ɗa can ba, kunya ce a wurinmu. Gwaggo ke ɗauka, ko kawu, ko aminiyar uwa, ko malam. Riƙo ya raya dubban mutane a Nima, har da malamai da 'yan kasuwa da 'yan ƙwallo, kuma manufar gwamnati ta 2015 kan walwalar yara da iyali ta yarda cewa dangi da sarakuna da limamai su ne katangar farko. To amma wannan riƙo babu rajista, babu ziyara, babu wanda zai dawo bayan wata shida ya tambayi yarinya ko tana zuwa makarantar da aka yi wa uwarta alkawari. In riƙon ya yi kyau, alhamdu lillahi. In ya ɓaci, mu ne masu cewa kada a fitar da maganar gida waje, kada a kai ɗan'uwa Musulmi wurin hukuma. Laifin nan namu ne, kuma ya kamata limamanmu da sarakunanmu da magajiyoyinmu su ji shi a jikinsu. Wanda ya bi titin Nima ranar Laraba, ranar kasuwa, zai ga 'yan mata kayaye ƙanana ɗauke da kwanon da ya fi su faɗi. Wanda ya tsaya a fitilar hanya zai ga yara suna kama hannun masu wucewa. A watan Mayun 2025 jami'an shige da fice suka kwashe mabarata baƙi fiye da 2,000 daga titunan Akra, fiye da rabinsu yara, galibi 'yan Nijar. Yaran nan sun daɗe a idon kowa, cikin gundumomin da ake aunawa duk shekara, amma hannun hukuma na farko da ya taɓa da yawansu na mai korar baƙi ne.

A Amurka, inda jihohi ke riƙe da aikin kula da yara, gwamnatin tarayya ta fara zagayen duba su a 2001. Ba tsari ne marar aibi ba, yaran riƙo a can ma suna shan wuya. Abu biyu ne suka burge ni. Masu dubawar sukan zaro fayil ɗin wasu yara, su je su zauna da iyayen, da masu riƙon, da ma'aikacin, da yaron kansa in ya isa magana. Kuma da aka tattara sakamako ba a ji kunyar faɗa ba: babu jiha ko ɗaya da ta cika dukkan ma'aunai bakwai na lafiyar yaro da zaman lafiyarsa da samun gida na dindindin. Aka tilasta wa kowacce ta rubuta yadda za ta gyara, da barazanar rage mata kuɗi. Wannan ba ya bukatar arzikin Amurka. Yana bukatar mai dubawa ya yarda ya zauna har yamma.

Mu koma gidan maigida. Mai koko ta ce wata shekara wani ga-ruwa ya sauka a gidan maigida, ya yi watanni yana kai ruwa sashe-sashe, ba wanda ya kula da shi. Ranar da ya tashi tafiya sai ya tsaya a bakin kasuwa ya zayyana abin da ya gani: wane ake duka, wace ke kwana a bakin murhu, abincin sadaka ta wace ƙofa yake fita. Magana ta kai bene. Maigida ya zo a fusace, har da hawaye, don ya tuna alkawarin da ke zaure. Ya tara dattawa su bincika. Aka kori mai dafa abinci guda, aka yi wa Anti faɗa a gaban jama'a, ita da ba ta taɓa riƙe kuɗin ba. Aka sake shafe gidan. Maigida ya koma ya zauna da malaman rubutu, suka yi sabon littafi mai kauri ninki biyu, har da layin da ke tambayar ko an yi taro a kan maganar ga-ruwa.

A gidan akwai yayar maigida, tsohuwa tukuf, kowa na ce mata Gwaggo. Ba ta da sashe, ba ta da kuɗi, sai ɗakinta a kusa da zaure. Da wakili ya zo da sabon littafinsa ya gama ƙirga, ya naɗe tabarmar sallarsa zai tafi, sai ta kira shi.

"Ɗana, kwano nawa ka samu a sashen babban?"

"23, Gwaggo. Yara ma 23. Bana sun yi ƙoƙari."

"To zauna ka ci tuwonmu. Yau ba ka tafiya sai an yi magariba."

Ba ya iya yi mata musu, ya zauna. La'asar ta yi, maƙwabta suka aiko a karɓar musu kwanoninsu, yana kallo. Magariba ta yi, yara suka fara shigowa, wasu da allo, wasu da faranti, wasu da ƙurar tasha a ƙafa. Gwaggo ta ce ya ƙirga. Ya ƙirga 31. Ta ce ya buɗe littafi ya kira suna. Ya kira, wasu suka amsa, wasu sunayen masu su sun bar gidan tun bara, wasu yaran kuwa suna tsaye a gabansa babu su a takarda. Da ya zo kan sunan yarinyar arewa, shiru. Anti ta ce a hankali, "Sai bayan isha'i take dawowa, Malam. Na faɗa sau uku a taro, aka ce a bari kuɗi ya zo."

Bayan isha'i ta shigo da kwanonta a hammata, wuyanta a karkace, ba ta iya juya shi sai ta juyo da dukkan jikinta. Ta durƙusa ta gaishe da baƙo. Wakili ya tambaye ta ajinta nawa. Ta dubi matar gida kafin ta amsa, shi ma ya ga ta duba.

Gwaggo ta ce, "Ajiye littafin nan, ka ɗauki yarinyar ka kai wa ƙanena ya gani."

Ya ce, "Gwaggo, a gafarce ni. Littafi aka ce in kawo, ba a ba ni izinin ɗaukar mutum ba."

Ta ce, "Gaskiyarka. To ka ce masa yayarsa na kiransa. Ya zo da ƙafarsa, kada ya aiko kowa. Ya zo da yamma, ba da safe ba. Ya taho da kuɗin wata tara da ake binsa, ya ba Anti a hannunta. Ka kuma ce masa da ya raba gidan, ɗakuna ya raba, alkawarin da ke zaure sunansa ne a ƙasa, ban ga ya goge ba."

Wakili ya duba littafin daga farko har ƙarshe bai ga layin da zai rubuta wannan saƙo ba, sai ya rubuta shi a bayan bango, ya yi sallama.

A nan mai koko ta tsaya. Wata daga cikin matan ta ce, "To Mma, maigidan ya zo?" Ta ce har yanzu ana jiransa. Ta zuba wa ɗan ƙanwarta shinkafa da wake, ta tura masa kwanon, ta ce, "Ci, ɗana. In ka gama, akwai wata yarinya a gida na uku daga masallaci, ina so ka gan ta kafin ka shiga mota."